Wace Gabas? Jagorar Gane Shiyya da Alƙibla a Jalingo

A wani Disamba, cikin tsananin hunturu, jama'ar layinmu da ke kusa da kogin Mayo Gwoi suka yi karo-karo don gina ɗan masallacin unguwa. Ranar fitar da harsashi birkila ya iso tun da duku-duku, ya ajiye igiya da turakunsa, ya zauna yana jira. Da rana ta leƙo, ja wur cikin hazo, sai ya miƙe ya fuskance ta, ya buga turke, ya ce wa yaronsa ya ja igiya. Wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan shanu yana zaune kan buzu, ya ɗaga kai.

"Ɗana, dakata. Ina ka dosa da igiyar nan?"

"Gabas mana, Baba. Ga rana nan."

"Wannan gabas ta rana ce. Ta salla tana can." Ya miƙa sandarsa hagu, nesa ƙwarai da inda ranar take, har wasu samari suka ƙyalƙyale da dariya.

Gaskiyar dattijon ce. A ƙarshen Disamba, tsakanin inda rana ke fitowa a Jalingo da inda Ka'aba take akwai digiri kusan 52, fiye da rabin tazarar da ke tsakanin gabas da arewa. Da an bi igiyar nan, da masallatanmu suna kallon gaɓar tekun Kenya, wajen Mombasa. Birkilan ba jahili ba ne, kalma ce ta yaudare shi, domin Bahaushe ya ɗora wa gabas kaya da yawa, ba kuwa duka ne ke zuwa gida ɗaya ba.

Kunne ma yana jin "gaba" a cikin "gabas". Mutum ya tsaya ya kalli mafitar rana, gabansa gabas, bayansa yamma, damansa kudu, hagunsa arewa. Wannan ita ce tsayuwar da ake koya wa yaro, ita ce kuma ginshiƙin duk abin da zai biyo baya a nan. Larabawa ma haka suka tsaya: sunan Yaman daga dama yake, kalmarsu ta arewa kuwa ita ce ta hagu. Fulanin da muke kwana muke tashi da su a ƙasar Muri da rana suka auna, suka ce fuunaange ga gabas, hiirnaange ga yamma, ga naange, wato rana, a wutsiyar kowacce. Mu ma yammarmu ta haɗa shiyya da lokaci, da yamma rana take yamma. Ka lura kuma, idan Bahaushe zai jera su huɗun, da gabas yake farawa: gabas da yamma, kudu da arewa. Taswirar makaranta ce ta zo ta ɗora arewa a sama.

Wajen amfani da kalmar akwai 'yan wuraren da ake tuntuɓe. Gabas mace ce, shi ya sa ake cewa Gabas ta Tsakiya, ko gabas ta yi baƙi idan hadari ya haɗo. Idan za a jingina ta da wani suna sai ta koma gabashi, a ce gabashin Taraba, gabashin Afirka. Mai son a fahimce shi sarai ya bambance "gabas da Jalingo" da "gabashin Jalingo". Na farko wajen gari ne, kamar a ce Zing tana gabas da Jalingo. Na biyu yana iya nufin unguwannin cikin gari da ke wannan ɓangaren, ko da yake a bakin mutane sukan cakuɗe. Sai "maso", mai nuna karkata: arewa maso gabas, kudu maso gabas. Taraba tana shiyyar Arewa maso Gabas tare da Adamawa da Bauchi da Borno da Gombe da Yobe, sunan da ya samo tushe tun 1967 da aka ƙirƙiri Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Daga cikinta Gongola ta fita a 1976, daga Gongola kuma Taraba ta fita ranar 27 ga Agusta, 1991.

Wannan duk gabas ta taswira ce. Akwai ta salla. Idan aka ce wane ba ya kallon gabas, ba maganar rana ake yi ba, an ce ba ya salla ne. Mahauci yana kayar da rago ya juya wuyansa gabas. Masu haƙar kabari suna shimfiɗa shi kudu da arewa, a kwantar da mamaci kan damansa, kai a kudu, fuska a gabas. Mai gina ban-ɗaki yana gudun ya fuskantar da shi gabas ko ya ba ta baya. A duk waɗannan, alƙibla ake nufi.

Akwai kuma gabas ta tafiya. Almajirin Kano ko Katsina idan ya ce ya yi gabas, Borno yake nufi, ƙasar tsangayu da gardawa, inda ake zuwa neman haddar Alƙur'ani. Kakanninmu da suka nufi Makka a ƙafa, ta Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, su ma gabas suka yi, wasu ba su dawo ba. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya gabas ya dosa da jama'arsa a 1903 bayan Turawa sun ci Sakkwato, ajali ya same shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa Sudan. Abin dariyar shi ne, mu a Jalingo mun gaji kalmar yadda take, har yau mukan ji an ce yaro ya tafi gabas karatu, alhali Maiduguri daga nan ta fi kusa da arewa. Haka Fombina, sunan ƙasar Lamiɗon Adamawa, kudu take nufi a Fulatanci, amma mu Yola gabas take mana. Kalmar shiyya tana tafe da mazaunin wanda ya fara faɗinta. Masana harshe ma sun raba Hausa gida biyu, ta gabas irin Kananci da Zazzaganci da Bausanci, da ta yamma irin Sakkwatanci da Katsinanci, ga kuma ƙaramar hukumar Gabasawa a Jihar Kano.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar kayan aiki. Idan aka ce maka gabas, tambayi wacce. Wanda ya ƙi tambaya shi ake cewa bai san gabas ba bare yamma.

Yanzu sai aiki. Jalingo tana kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga nan Ka'aba tana da nisan kilomita kusan 3,350, a kan digiri 62 idan aka fara ƙirge daga arewa ana juyawa dama. Gabas ta ainihi tana kan 90. Ke nan alƙiblarmu ta karkata hagu, wajen arewa, da digiri 28. Wanda ya kalli gabas sak daga Jalingo, Habasha yake kallo, kudu kaɗan da Addis Ababa. A Kano karkatar ba ta kai haka ba, digiri 22 ce, don haka wanda ya zo da idon Kano ma sai ya ƙara. Malamai sun ce wanda yake nesa da Makka fuskantar shiyyarta ake nema gare shi, ba ƙwayar ɗakin ba, kuma ɗan kauce kaɗan ba ya ɓata salla. Hukuncin na malamai ne. Amma a ganina uzurin matafiyin da magariba ta riske shi a daji daban, na mai zuba kankare wanda zai shekara hamsin a tsaye daban.

Rana kuwa ba ta da mafita ɗaya. Sau biyu kawai a shekara take fitowa daga gabas sak, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. Daga Maris tana matsawa hagu har 21 ga Yuni, inda take fitowa a kan digiri 66, ta juyo, ta wuce tsakiya, ta yi ta matsawa dama har wajen 22 ga Disamba, inda take kaiwa 114. Ga yadda za ka ci moriyar wannan da hannu kawai. Miƙe hannunka sosai ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen nan a sararin sama digiri 10 ne a ƙiyasi, ga babba ga yaro, tunda mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Fuskanci rana tana fitowa, ka ƙirga dunƙule zuwa hagu. A Maris da Satumba uku. A ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta ɗaya da rabi. A Yuni da farkon Yuli rabin dunƙule ma ya yi yawa, kusan inda ranar take nan ne alƙibla. A tsakiyar Nuwamba da ƙarshen Janairu huɗu da rabi, a Disamba biyar. Ido ba mudu ba, ya san ƙima. Wannan ya ishi matafiyi da mai yanka.

Mai gini ba zai tsaya nan ba. Shi sanda da inuwa zai nema, aikin yini guda, ba ko sisi.

Samu wuri shimfiɗaɗɗe da rana ke dukansa tun hantsi har la'asar, ka share shi. Idan ƙasar tana da gangare aikin ya ɓaci tun daga tushe, don haka daɓen siminti ya fi, ko ka daidaita ƙasar da abin awon birkila. Kafa miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon kamar mita ɗaya, guntun rodi ma ya yi. Ɗaura ɗan dutse a zare ka saki kusa da ita, ka duba ta gaba ka duba ta gefe, sai ta yi daidai da zaren. Wajen ƙarfe 9:30 na safe ka duba inda kan inuwar ya tsaya, ka kafa ƙusa a wurin. Ɗaura igiya sako-sako a gindin sandar, ka auna ta zuwa ƙusar, ka zana da'ira da wannan tsawon. Tafi harkarka. Inuwar za ta yi ta gajarcewa ta shige cikin da'irar, bayan zawali ta fara tsawo ta ɗaya gefen. Dawo tun ƙarfe 2 ka tsare ta, domin lokacin da ake jira ba ya daɗewa. Da zarar kan inuwar ya taɓa da'irar, kafa ƙusa ta biyu. Ja zare tsakanin ƙusoshin nan biyu. Wannan zaren shi ne gabas da yamma na ainihi. Ƙusar safe ita ce yamma, ta la'asar ita ce gabas, tunda inuwa kullum gudun rana take yi. A nan ne na ga mutane sun fi rikicewa, su juya abin a baibai.

Dabarar tana aiki kowane wata, abin da ya sa na fi yarda da ita ke nan. Akwai masu cewa ka duba inuwar tsakar rana, inda ta faɗi nan ne arewa. Wannan ilmin ƙasashen sanyi ne. A Jalingo rana tana tsayawa a tsakiyar kai wajen 13 ga Afrilu da kuma wajen 30 ga Agusta, a tsakanin kwanakin nan biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara ta koma arewa. Tsakar ranar ma ba 12 daidai ba ce, tana yawo daga kusan 11:58 a farkon Nuwamba zuwa kusan 12:29 a Fabrairu.

Da ka sami zaren gabas, alƙibla ta zo hannu. Ga ƙa'idar da ta dace da Jalingo, wadda nake so kowane birkila ya haddace: taku biyu gabas, taku ɗaya arewa. Kafa turke a kan zaren. Daga wannan turken farko auna mita 2 a kan zaren zuwa gabas, ka yi alama. Daga alamar ka juya hagu a kan kwana madaidaiciya, irin wadda maginanmu ke fitarwa da awon uku, huɗu, biyar, ka auna mita 1 da santimita 6, ka kafa turke na biyu. Layin da ya tashi daga turken farko zuwa na biyu shi ne alƙibla. In ka manta da santimita shidan ma kuskuren bai kai digiri 2 ba. Bangon gaba da sahu kuwa su gitta wannan layin a kan kwana madaidaiciya. Ƙa'idar ta Jalingo da kewayenta ce, kada a ɗauke ta a kai Sakkwato ko Legas.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, sai dai kwanakinta ƙidayayyu ne. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Saudiyya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, don haka a agogon Najeriya 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba. Kada ka kalle ta da ido. Kafa sandarka a miƙe, ko ka rataye zare da dutse, ka ja layi a kan inuwar. Ka tsaya a kan inuwar ka kalli gindin sandar, ka kalli alƙibla. A lokacin rana tana da tsayin digiri 60 a samanmu, inuwar sanda mai mita ɗaya ba za ta kai santimita 60 ba, don haka doguwar sanda ta fi. Matsalar ɗaya ce, damina ce, gajimare na iya rufe ta. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta, a wannan lokacin, bambancin bai taka kara ya karya ba, sai a yi ta gwadawa.

Da dare fa? Littattafai sukan ce a nemi tauraron arewa, wanda ba ya motsi. Gaskiya ne, amma a Jalingo tsayinsa daga ƙasa bai kai dunƙule ɗaya ba, kuma ba shi da haske sosai. Hazo ko dutse ko rufin maƙwabci ya isa ya ɓoye shi. Akwai waɗanda suka fi shi amfani a nan. Kaza da 'ya'yanta, ɗan curin taurarin nan da kowane makiyayi ya sani, tana fitowa wajen ƙarfe 8 na dare a tsakiyar Oktoba, a kan digiri kusan 66, tana hawa kusan a miƙe. Awa biyu zuwa uku bayan fitowarta, in ka fuskance ta ka ɗan karkata hagu da rabin dunƙule, kana kan alƙibla. Bayan fitowar Kazar da kamar awa biyu taurari uku masu haske, a jere kamar an ja musu layi, suna fitowa daga gabas sak, su kuma faɗi yamma sak. A tsakiyar Nuwamba wajen ƙarfe 8 za ka gan su suna tasowa. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma, da farkon dare, akwai taurari huɗu masu siffar gicciye can ƙasa, tsayin kamar dunƙule biyu. Idan gicciyen ya miƙe tsaye, ƙafarsa kudu take nunawa. Gamzaki mai fitowa kafin asuba yana gabas, jinjirin wata yana yamma bayan magariba, wata ɗan daren sha huɗu yana ɓullowa daga gabas rana na faɗuwa, amma waɗannan shiyya kawai suke nunawa a dunƙule, su ma suna yawo kamar rana.

Iska ma tana magana. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, iskar damina mai laima daga kudu maso yamma, amma hadari mai tsawa da guguwa galibi daga gabas yake tasowa. Shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi saurin zaizayewa, shi ya sa kuma tsofaffin magina ba sa son ƙofa ko babbar taga ta buɗe wa gabas baki ba tare da rumfa ba. Ɗakin da ke kallon yamma kuwa mai shi ya san abin da ake ciki a watan Maris.

Waya na bari ƙarshe, ba don raini ba. Kamfas ɗin cikinta yana aiki, kuma a wannan yankin bambancin arewar maganaɗisu da arewar ainihi bai kai digiri 2 ba, ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa ƙarfe ne. Kwanon rufi, rodin cikin ginshiƙi, ƙofar ƙarfe, mota, keke-napep, taransfoma, har maganaɗisun da ke jikin rigar wayar, duk suna jan allurar. Na taɓa gwada waya ɗaya a kusurwoyi uku na ɗaki guda, ta ba ni alƙibla uku. Fita fili, cire wa wayar riga, ka jujjuya ta a iska kamar kana rubuta lamba 8, ka riƙe ta a kwance, ka nemi 62. Matsa taku goma ka sake. In amsa biyu sun yi hannun riga, kada ka yarda da ko ɗaya. Kwanon tauraron ɗan adam da ke kan rufi ma ba abin dogaro ba ne, wani yana kallon gabas wani yamma, ya danganta da tashoshin da mai gida yake kamawa. Masallacin maƙwabta kuwa sai ka san wanda ya auna shi.

Baƙon da ya sauka garin nan ya riƙe wannan taswirar a ka. Lau da kogin Binuwai suna arewa. Zing da duwatsun Shebshi, da Kamaru a bayansu, suna gabas. Bali da Gembu ta tsaunin Mambila suna kudu. Mutum Biyu da Wukari suna kudu maso yamma. Numan tana arewa maso gabas, Yola tana gabas da ɗan karkata arewa, alƙibla kuwa ta ratsa tsakanin su biyun. Wannan a taswira ne, titi yana lanƙwasa yadda ya ga dama, kada ka ce hanyar Yola ce alƙibla a ƙofar gidanka.

Sai takardar cinikin fili, inda kalmar nan ke haifar da shari'a. Ana rubuta cewa ya yi iyaka da wane daga gabas, da wance daga yamma, a sa hannu a watse. Idan mai sayarwa gabas ta salla yake nufi, mai awon fili kuma ya zo da ta kamfas, fili mai kwana zai iya samun maƙwabci ɗaya a gabas a wata takarda, a arewa a wata. Kafin a sa hannu, mai saye da mai sayarwa da shaidu da mai unguwa su taka iyakokin nan huɗu da ƙafa, a kafa duwatsu, a rubuta tsawon kowane gefe, a ambaci abin da ba ya gusawa, kamar titi ko kwalbati ko rafi.

Masallacinmu dai an jinkirta harsashinsa kwana ɗaya, aka kafa rodi aka bi inuwa, layin da ya fito bai yi nisa da inda sandar dattijon ta nuna ba. Kwamitocin masallatan unguwanni, da masu kula da maƙabartu da mayanka, ku sa wa 27 da 28 ga Mayu alama a kalanda. Ƙarfe 10:18 na safe a fito da sanda da zare a gwada, in gajimare ya hana a dawo 15 da 16 ga Yuli, ƙarfe 10:27.